Yadda Ake Cin Wasan Hotunan Yaƙi a Falon Baba Na'ibi

Kai mai neman auren Juwairiyya, matso kusa. Ni ne mijin yayarta, na riga ka shan wannan wuya. Ka bi abin da zan gaya maka, na yi maka alkawari sai an ba ka ita. Ga yadda abin yake: kowace Juma'a a nan Jidda bayan an ci shinkafar kabsa, mahaifinta Baba Na'ibi yakan sa a haɗa waya da talabijin, a buɗe wani wasa da ke nuna zanen yaƙoƙin zamanin da, a canki sunan kowanne. A nan yake auna surukai.

1. Haddace kaɗan, ka watsar da saura
Ka ga giwaye, Ƙadisiyya ce. Ka ga ciyawa tana cin wuta, sojoji sun galabaita da ƙishirwa, Hiɗɗin ce. Idan kuwa dawakai ne kawai da ƙura, Allah ya ba ka sa'a, duk yaƙoƙin haka suke.

2. Shirya fuskarka
Ka ƙanƙance ido, ka shafa gemu, ka ce "hmm". Bincikena ya nuna rabin ilimin tarihi a gemu yake. Idan naka bai fito ba, shafa haɓa, ana karɓa.

3. Kada ka zama Tariq
Tariq shi ne wanda ya nemi Juwairiyya kafin kai, da digirinsa na tarihi. Hoto bai gama buɗewa ba sai ka ji, "Ain Jalut! Halas, an gama! Yalla, na gaba!" Bai kuskure ko ɗaya ba. Baba ya ce, "Masha Allah, ya waladi," ya sa aka kawo turaren wuta tun ba a sha shayi ba. Kai ma ka san ma'anar wannan a Jidda: a tashi a tafi. Bai ƙara taka gidan ba.

4. Lura da inda Baba yake kallo
Ba talabijin yake kallo ba, gefenta yake kallo. Tun da aka rushe unguwar Karantina suka dawo unguwar Safa ganinsa ke raguwa, yanzu haske kawai yake gani. Kowa a gidan ya sani, kuma ba wanda ya sani, ka gane? A Karantina mutane ƙofar gidansa suke cikawa don jin tarihi. Yau falon nan kaɗai ya rage masa, kuma abin yana ba ni tausayi.

5. Yi magana kamar da kanka kake
Hoto na fitowa ka sosa ƙeya ka ce, "Ya ammi, Babanmu, wannan ya fi ƙarfina. Ga giwaye da mutane a kansu, ga maharba ta hagu..." Sai ka ja bakinka ka yi shiru. Zai bugi gwiwa ya ce, "Ƙadisiyya! Esh hada, mene ne haka, yaran yanzu? Ga abu ɓaro-ɓaro a gabanku!" Ka sunkuyar da kai ka sha faɗan da daɗi.

6. Hattara da talla
Wasan kyauta ne, talla kan faɗo a tsakiya. Ka ce, "Kash, wannan talla ta dame mu." Wani ɗan uwanmu garin zumuɗi ya siffanta masa mutumin cikin talla a kan babur da akwatin abinci a baya. Baba ya ce a kashe, ya gaji.

Sanarwa
Babu hannuna a duk abin da ya biyo baya. Idan aka gano ka, ban taɓa ganinka ba. Idan aka ba ka ita, Juma'arka ta tafi ke nan har abada, kada ka kawo mini kuka. Idan kuma kun tashi ya laluba ya kama hannunka, ya rage murya ya ce, "Wani makon ka zauna kusa da ni, yarona," ka tsinci kanka kana ɗokin Juma'a ta zagayo, wannan ka ji da kanka. Ni ma har yau ban samo maganinsa ba.