Rasuwar Malama, Kwamfutar Ɗakinmu ta Agege

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, ni Haoua mai waina ta bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa zama kan bencinmu cewa kwamfutar ɗakinmu, wadda aka fi sani da Malama, ta riga mu. Ta cika ranar Larabar makon jiya bayan la'asar, ana dab da jarrabawar shiga jami'a ta wannan shekara ta 2001. Na tambayi limamin layinmu ko ana nema wa ƙarfe rahama, ya ce ba a yi. Don haka ban nema mata ba, amma zan faɗi halinta.

Ba mu san shekarunta ba, da girmanta ta zo mana. Malam, maigidana, gadi yake yi a wani kamfani a Ikeja. A ƙarshen 1999 aka cika gari da cewa da an shiga shekara ta dubu biyu duk kwamfutocin duniya za su mutu rana ɗaya. Kamfanin ya sayo sababbi, oga ya nuna wa Malam ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce ya ɗauka, ko kujera ce ya yi da ita. A danfo, bas ɗin hayar Legas, ya kawo ta, kanta a cinyarsa, gangar jikinta a tsakanin ƙafafunsa, kwandasta yana ta mita. Safiyar sabuwar shekara muka taru muka kunna ta don mu ga mutuwar da idonmu. Ta yi ɗan tari, ta ce "ɗit", ta buɗe ido. Daga ranar ta zama 'yar gida. Na ɗinka mata mayafi da ragowar atamfar Sallah.

Marigayiya mai haƙuri ce. Sau tari masu wuta sukan ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ba ta taɓa riƙe su a zuciya ba. In an dawo da ita sai ta ce "ɗit", ta soma daga farko. Ba ta da saurin tashi, wannan gaskiya ne, sai ta yi "gurrr" kamar injin markaɗe a layin baya, har mutum ya gama alwala bai ga fuskarta ba. Amma in ta tashi ba ta gajiya. Ta zauna da mu a ɗaki ɗaya, ta ji duk abin da ake faɗa a ɗakin, ba ta taɓa kai ko kalma ɗaya tsakar gida ba. Ba kowa ne a gidanmu na haya za a yi wa wannan shaida ba.

Babban aikinta koyarwa ne, kuma daga nan ta sami suna. Akwai yarinya a ɗakinmu. Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce, kuma ni a Tasawa aka raine ni, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san yana nan. Yarinyar tana so ta karanta haɗa magunguna. Bara ta zauna jarrabawa, makinta bai kai ba. Malam ya ce ya yarda ta sake sau ɗaya. In bai yiwu ba, ƙanwarsa tana neman mai tsare mata shago a Alaba Rago, kuma tsaron shago ba abin kunya ba ne. Ban ce komai ba a gabansa. Ba wurina ba ne.

Godwin, maƙwabcinmu mutumin Kafanchan mai aikin buga takardu, shi ya kawo wani ɗan baƙin faifai mai kusurwa huɗu, irin wanda yara ke kira diskit. Ya ce wani abokinsa ya kwafo daga wani, wanda shi ma ya kwafo daga wani, kuma a ciki akwai tambayoyin jarrabawa na shekarun baya. Malama ta haɗiye shi, ta yi "ƙarrr, ƙat, ƙat", ta haddace. Daga nan kullum bayan azahar yarinyar tana gabanta. Malama ta yi tambaya, yarinyar ta danna harafi. In ta yi kuskure, Malama ta ce "bom", ba zagi, ba gori, ta sake ba ta dama. In ta dace, Malama ta ce "tilin".

Ni ina bakin ƙofa ina wanke tanda ko ina tsince shinkafar ƙullu, bayana a juye. Ban taɓa leƙawa ba. Amma kunnena yana ciki. Ranar da "bom" ya yi yawa, sai in ga na zuba wa ƙullu gishiri sau biyu. Ranar da "tilin" ke bin "tilin", masu sayen waina sukan ce yau Haoua hannunki ya sake. Abin da bakina ba shi da ikon faɗa wa yarinyar nan, Malama tana faɗa mata kullum, da ƙarfi, har tsakar gida ana ji. Wannan alheri ne da ba zan manta ba.

Ta sha maganganun mutane a rayuwarta. Mai gidan hayarmu ya ce ita ke shanye wutar gidan. Godwin kuwa, tun da ya soma zuwa shagon intanet a Ikeja, kowane mako da sabon ra'ayin da yake kawo mana daga wurin Turawa. Wannan makon ya ce ya karanta cewa kwamfuta tana kashe ƙwaƙwalwar yaro, iyayen kirki a can ɓoye ta suke yi. Mako mai zuwa ya ce yaron da bai iya kwamfuta ba ya gama yawo. Ya ce wasu sun rubuta cewa jarrabawar zaɓen harafi ba ta auna hankali, hadda kawai take aunawa. Na ce masa ya rubuta musu cewa mun ji, amma mai tsaron ƙofar jami'a bai ji ba. Wata rana ya zo da cewa kwafar faifai sata ce a can ƙasarsu, wasu kuma suna musu cewa ba sata ba ce tunda mai abu bai rasa abinsa ba. Na tambaye shi su waɗannan mutanen ba su da sana'a ne. Ya ce ai ita ce sana'ar, Maman yara. Malama tana ji, ba ta tanka ba.

Labarin tambayoyin ya bazu. Yara suka riƙa zuwa da faifansu daga layinmu, daga Sabon Yaba, har da wani daga Mile 2 da ya ce ɗan ƙanen wani direban tirela ne da ya san Malam. Kowa ya zo, Malama ta zuba masa. Wasu kuma ba sa son zuwa hannu wofi, sai su bar mata wani abu a ciki: wasan karta, hoton masallacin Makka, wani wasan maciji da ya kusa raba ƙannen yarinyar da makarantar allo. Ni ban ga aibu ba. Haka muke yi da kwano: ya shigo da abu, ya fita da abu.

Da jarrabawa ta matso, yarinyar ta kafa doka. Ta ce cuta tana yawo a faifai, kada a sake sa wa Malama na kowa sai ta gama. Ta faɗa wa ƙannenta, da murya yadda zan ji.

Ranar Litinin yarinyar tana wurin darasi sai ga maƙwabciyarmu Chundung, Maman Treasure, da faifai a ƙulle a bakin zane. 'Yarta ma za ta zauna jarrabawar. Chundung ce ta riƙe ni ranar da na haifi autana, ruwa ya cika layi, mota ta ƙi shigowa. Na faɗa mata dokar. Ta ce to, ba komai, ta juya za ta tafi. Na dubi bayanta, na ce ta dawo. Aka kira Treasure ta sa faifan da hannunta, Malama ta karɓa yadda ta saba, "ƙarrr, ƙat, ƙat", ta ba ta duk abin da take da shi. Shi ne aikin alherinta na ƙarshe.

Washegari jinya ta soma. Tambayoyi suka riƙa fitowa rabi da rabi. Aka danna harafi ta yi shiru, ba "bom" ba "tilin". Fuskarta ta koma shuɗiya, wasu fararen rubutu suka cika ta. Aka kashe aka kunna, ta ce "ɗit", ta tsaya nan. Aka kira Abdulganiyu mai gyara daga Otigba, kasuwar kwamfutoci. Ya kwance ta, ya hura, ya sa nasa faifan, ya yi magana da Yarabanci shi kaɗai. Ya ce cutar ta ci abin da ke cikin kanta, kuma da ma tsufa ya riga ya ci rabin jikinta, ko an tashe ta ba za ta tuna kowa ba. Ya gwada duk da haka. Ranar Laraba ta yi wani dogon "ɗiiiii" da ba mu taɓa ji ba, sai warin ƙonewa. Na ja mayafinta na rufe ta.

Malam ya ce ni na kashe ta. Ban yarda ba, kuma ina so a rubuta cewa ban yarda ba. Tambayoyin nan ba mu muka haife su ba, a faifan wani suka shigo ɗakinmu. Da wanda ya fara riƙe su ya rufe ƙofarsa, da ba mu gan su ba. Ta ƙofar da alherin ya shigo, ta nan cutar ta shigo, kuma ni ban san yadda ake buɗe ƙofa rabi ba. Na faɗa masa haka. Ya ce in je in faɗa wa masu jarrabawa. Tun ranar nake share ɗakin da na riga na share, in fita tsakar gida in manta abin da ya fito da ni. Chundung ta zo ta'aziyya da kwanon acca, ta kasa haɗa ido da ni. Na mayar mata da kwanon cike da waina.

Marigayiya ta bar allon dannawa, wanda harafinsa ɗaya ya daɗe da gogewa. Ta bar ɗan ɓeranta mai doguwar jela, da tarin faifai a gwangwanin madara waɗanda yanzu kowa ke tsoron taɓawa. Ta bar ɗalibai a unguwanni da yawa, wasu ma ba su ji rasuwar ba tukuna. Ta bar Godwin, wanda ya ce ya karanta cewa irin wannan cuta da gangan ake yin ta. Ta kuma bar ɗaliba ɗaya da ba ta yi kuka ba, ba ta ce mini komai ba, abin da ya fi kukan ciwo.

Yarinyar ta aro littafin tambayoyi, irin mai amsa a shafin baya. Ta gwada ita kaɗai, ta ce idonta yana zamewa kan amsar. Malam yana wurin aiki, ƙannenta wasa suka mayar da abin. Ranar Juma'a ina bakin ƙofa da tanda, sai na ji ta tsaya a bayana.

"Mama, ki riƙe mini shafin baya. Harafi ne kawai."

Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma na san A da B da C da D. Na goge hannuna, na shiga, na zauna a gefen gado ina fuskantar bango. Ta karanta tambayar da Turanci, ban fahimci ko kalma ba. Ta ce C. Na duba, C ne. Ta jira. Na ce ta ci gaba.

"Malama ba ta cewa ci gaba."

Na dubi ƙofa, babu kowa. Na ce, "Tilin."

Muryata ta fito kamar ta kwaɗo. Yarinyar ta yi dariya har ta kifa kanta a kan littafin, na ce in ba ta daina ba zan tashi. Ban tashi ba. Kullum bayan azahar yanzu muna nan, ni da ita da gawar a lulluɓe a kan tebur. "Bom" ba ya mini wuya. Ɗayan ne har yanzu sai na duba ƙofa.

Game da jana'iza, ana neman afuwar jama'a kan jinkirin, mun san ba haka aka saba ba. Yarinyar ce ta ce kada a taɓa teburin sai ta gama. Za a fitar da marigayiya ranar Asabar mai zuwa da safe, ranar jarrabawa, bayan ɗalibar ta bar gida da fensirinta. Na zaɓi ranar ne don na san ba zan iya zama a ɗakin ba. Godwin zai ɗauki gangar jiki, ni zan ɗauki kan a cinyata, a danfo, yadda ta zo. Za a kai ta shagon Abdulganiyu a Otigba, inda za a raba abin da ya rage na jikinta ga masu buƙata. Babu zaman makoki kafin ranar, ana karatu a ɗakin. Mai son yin ta'aziyya ya tsaya a bakin tanda. Kada kowa ya zo da faifai.

Masu rakiya su koma gida daga Otigba, kada su jira ni. Na faɗa wa Malam zan biya ta ƙofar makarantar da ake jarrabawar a Ogba, don a kan hanyata take. Ba a kan hanyata take ba. Wanda ya gan ni tsaye a can cikin iyaye, ya wuce abinsa, kada ya gaishe ni.