Yadda Za Ka Yi Waƙa Da Mawaƙan Da Babu Su

Ka bi matakan nan, muryarka za ta fito a faifai. Tabbas ne. Ni kafinta ne, aji uku na yi a makaranta, ga ni kuma a waƙa ta tara.

1. Ka fara ɓata wa mai ƙungiyar rai

Tawa 'yata ce, Auta. Ta bar karatun jinya ta koma zane da kiɗa a kwamfuta. Na ce mata wannan ba sana'a ba ce. Shekara biyu ba ta taka shagona ba. Uwarta take kira, ni sai a ce ana gaishe ni. Kar ka nemi sulhu. Jira ba ya kashe uba, ramar da shi kawai yake yi.

2. In an gayyace ka, ka kafa sharaɗi

Uwarta ta kawo saƙo: ƙungiyar Auta na haɗa faifai, baƙi goma sha huɗu za su sa murya, ana neman muryar tsoho. Na ce sai shugaban mawaƙan ya zo da ƙafarsa ya gaishe ni. Ta yi dariya har ta nemi wurin zama. Kar ka tambayi dalili. Ni ban tambaya ba.

3. In bai zo ba, kai ka je

Ka sa riga mai guga. Na shiga ɗakin ɗaukar waƙarsu, bango duk soso, na ce a kira mini mawaƙan. Mai haɗa sauti ya juyo da allon kwamfuta. Zane ne, su huɗu: wata mai koren gashi, wani dogo mai ido ɗaya, kada mai ganga, sai shugaban, buta ce mai tabarau. Na riga na miƙa hannu. In haka ta same ka, ka ƙarasa da hannun ka goge ƙurar allon.

4. Kar ka yaba wa sauran baƙi

Aka kunna mini su. Wata tana rera yaren da ban sani ba, wani yana magana da sauri kamar an biyo shi, ga mai goge, ga likitan haƙori mai busa. Na ce wannan kujera ce mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa itacenta daban. Auta ta ce, "Ana zama a kanta, Baba." Maganarta ta farko ke nan gare ni a shekara biyu. Ka yi kamar ba ka ji ba.

5. Ka rera da gaske

Na yi waƙar da nake yi ina kankare katako. Baiti shida, sau uku, har gumi. Da na gama na ce a kashe wannan shirmen, ina da aiki. Ashe ba a kashe makirufo ba.

6. Ka saurari sakamakon a zaune

Baiti ko ɗaya bai fito ba. "A kashe wannan shirmen, ina da aiki" kawai, sau goma sha ɗaya a kan ganga. Yanzu direbobi na faɗa mini ita ta taga. Su Auta kuma sun zana ni, tsoho mai zarto, fuska a murtuke. Na ce an yi ƙari. Uwarta ta ce ragi aka yi.

7. Ka bi kadin baitocinka

Na kira Auta da kaina, na tambaye ta ina waƙata.

Ta ce, "Tana wayata, Baba. Wannan ba ta jama'a ba ce. Da ita nake barci a ƙarƙashin teburinka ina ƙarama."

A nan ka ce layin ba kyau, ka kashe. Ka ce garin katako ne ya shiga idonka.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, ba ruwana. In aka zana ka da manyan kunnuwa, kai da 'yarka. Tawa duk Asabar tana shagona, wai ɗaukar ƙarar zarto take zuwa yi. Na yi mata kujera. Ƙafafunta itace huɗu ne daban-daban. Guntayen da suka rage ne kawai, kar wani ya kawo mini fassara.