Magen Gwaggo Lantana a Hanyar Kano

Duk wanda ya san Gwaggo Lantana a Haɗeja ya san Ƙwalisa, wata farar mage mai baƙin kunne guda. Shekara takwas suna tare, kwanon Gwaggo ne kwanonta. To da 'yar Gwaggo ta haihu a Kano aka ce ta je ta yi mata wankan jego, sai Gwaggo ta ce kwana arba'in ba kwana biyu ba ne, ba za ta bar wa maƙwabta magenta su riƙa kora ta da tsintsiya ba. Kuma wallahi ta san kan tafiya da dabba. Tun safe ba ta cika mata ciki ba, don kar ta yi amai a hanya. Ta samo kwando mai murfi wanda iska ke shiga, ta shimfiɗa tsohon zanenta a ciki don magen ta riƙa jin ƙanshin gida, ta lulluɓe da mayafi, ta ɗauki 'yar gorar ruwa.

A tasha ta shiga wata tsohuwar bas ta wani direba da ake kira Tanimu, wanda ban da mutane har bandar kifi yake lodawa. Gwaggo ta rungume kwandonta a cinya, ba wanda ya san abin da ke ciki. An yi nisa lafiya lau, sai mota ta faɗa rami, Ƙwalisa ta ce "miyau."

Kusa da Gwaggo akwai wani Alhaji Mati, irin mutanen nan da ba a taɓa yin wani abu a duniya ba a gaban idonsu ba. Ya zabura har hularsa ta karkace.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, mage kika shigo mana da ita?"

"Mage ce, Alhaji. Ba kura ba."

"Kayya, ba ki sani ba ne. Mage ba ta yarda a raba ta da gida. Wani aminin wana ya ɗauki mage a mota daga Gumel, suka wuni suna gudu, da la'asar sai ga su a tashar da suka taso. Ita ta jawo motar baya!"

Mota ta ɗauki salati. Alhaji ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya gyara zama. Ya ce akwai wadda aka buɗe kwandonta a shingen 'yan sanda, aka tarar ta rikiɗe ta zama tsohuwa tana taunar goro.

Gwaggo ta ce, "To ka kwantar da hankalinka. Tsohuwar ga ni, magen ga ta, kowa yana wurinsa."

Aka yi dariya, amma direba bai yi ba. Sai leƙen madubi yake yana tsaki, yana cewa da ya sani tun a tasha da ba a yi haka ba. Kuma kamar da gangan, ba su kai Ringim ba mota ta yi tari sau biyu, ta shiɗe, ta gangara gefen titi ta mutu murus.

Alhaji ya tafa hannu, har da murmushi. "Me na ce muku?"

Tanimu ya murza makulli, shiru. Maza suka sauka aka yi turi har gumi ya jiƙa riguna, shiru. Nan ransa ya ɓaci. Ya zagayo ya ce, "Iya, shekarata goma da motar nan, ba ta taɓa yi mini haka ba. Ki yi wa Allah ki saki dabbar nan a dajin nan mu tafi. In kuma ba za ki iya ba, to ku zauna tare, ni dai ba za ta sake shigar mini mota ba."

Gwaggo ta dubi kwandonta. Can 'yarta na jiran ta da ɗanyen jego, nan kuma ana so ta jefar da Ƙwalisa inda ko rijiya babu. Ranta ya sosu ƙwarai, amma ba ta yi musu da kowa ba. Ta sauko da kwandonta, ta zauna a gindin wata tsamiya, ta zuba ruwa a tafin hannu tana ba magen, tana cewa, "Sha, Ƙwalisa". Ta ce, "To ga ta a waje, ɗan nan. Tayar da motarka."

Ya murza, ya sake murzawa. Ko tari ba ta yi ba.

Alhaji ya ce, "Ai iskarta ce ba ta gama fita ba. Sai an yi nisa da ita."

Wata mata ta ce a kai kwandon can cikin daji, wani ya ce a yi hayaƙin barkono. Ana cikin wannan shirme sai ga bakaniken da direba ya kira a waya ya iso a kan babur, dattijo mai furfura, ba ruwansa da surutu. Ya buɗe inji, ya zura hannu, ya jawo wata waya duk an gwaigwaye ta. Ya sake zurawa, ya fito da dunƙulen tsumma da ƙayar kifi.

Ya ce, "Tanimu, ina kake kwanar da motar nan?"

"Jikin rumfar kifi."

"To ai gida ka gina musu."

Bai rufe baki ba wani ƙaton ɓera ya yi tsalle ta kan kafaɗarsa, biyu suka biyo baya, suka zarce cikin mota suka shige ƙarƙashin kujeru. Kai, ka ga gudu! Matan da suka rage a ciki suka fito ta ƙofa da taga, wata da takalmi ɗaya. Alhaji Mati da babbar rigarsa, sai ga shi a bayan tsamiya, ya riga kowa.

Bakanike ya ɗaure waya, mota ta tashi tana ruri kamar ba ita ba. Amma fasinja suka ce ko da kuɗi aka haɗa su ba mai shiga. Bakanike kuma ya ce in ba a fitar da ɓerayen ba, kafin Gezawa sun sake cinye wata wayar. Aka buga kujeru da sanda, aka yi ihu, ko wutsiya ba a gani ba. Rana tana yi, warin kifi ya fara tashi.

Tanimu ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya taho gindin tsamiya a sanyaye, ya durƙusa, ya cire hula.

"Iya, don girman Allah, a taimaka a ɗan saki Ƙwalisa a cikin motar nan."

Gwaggo ta gyara mayafin kwando, ta dube shi sama da ƙasa.

"Haba ɗan nan, in sake ta ta kashe maka mota? Ga Alhaji nan, saka shi ya ba ɓerayen labari su fita."