Gaisuwar da Ta Hana Ni Zuwa Kaduna

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata ranar kasuwa ba, kuma ko na so in manta, mutanen Birnin Gwari ba za su bar ni ba.

Babbar gasar gem aka shirya, ta wasan faɗa, irin wanda mutum biyu ke riƙe hannun gem, kowa ya zaɓi jaruminsa a talabijin, a yi ta naushi da shuri har jinin ɗaya ya ƙare. 'Yan wasa sun zo daga Tsohon Birnin Gwari, daga Kusasu, har daga rugagen bakin daji. Wanda ya ci shi zai wakilci yankinmu a gasar Kaduna. A gidan kallon ƙwallo aka yi ta, inda kuma ake cajin waya, saboda nan ne janareta ba ya ƙin tashi.

Ni kuwa a lokacin ba ni da na biyu (ni na faɗa, amma akwai shaidu). Magidanci ne ni, da mata da 'ya, sai dai in na riƙe hannun gem yaran gari kan yi tsit. Kaduna na riga na sa ta a aljihu, har na ba da gugar kayan da zan sa. Ni ne ma na tsaya kai da fata a taron tsara gasar cewa in an fara faɗa ba a tsayarwa, ko da rufin kwano ne ya faɗo. Wai don kada ragwaye su fake da fitsari.

Ranar ta zo da abin mamaki iri-iri. Gwanaye suka yi ta zubewa, 'yan kallo na ihu, Ilu mai sanarwa na zuba wa kowa kirari a lasifika kamar a filin dambe. Da aka zo karon ƙarshe sai ga ni da Buba, wani makiyayi da ya kawo raguna kasuwa, abokansa suka tura shi ya shiga don raha. Buba maɓalli ɗaya ya sani, na shuri. Shi yake ta dannawa yana dariya, kuma da shi ya kori mutanen da suka raina shi. Na dube shi, har tausayi ya ba ni.

Aka fara. Na ɗaga shi sama, na maka shi da ƙasa, jinin jaruminsa ya kusa ƙarewa. Ina shirin rufe zagayen ne na ji sallama a bakin ƙofa, da wata murya da na sani ko a cikin barci.

Malam Ado ne, mahaifin matata Hajara, daga Kusasu, da 'yar wayarsa a hannu. Caji ya kawo.

To, kun san yadda muke da suruki. Ba a tsaya masa a kai, ba a haɗa ido da shi, ba a gaishe shi da takalmi a ƙafa. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Sai kawai na ga na zame daga kujera, silifas sun yi gefe, gwiwoyina na ƙasa.

"Baba, barka da yamma. An zo lafiya?"

"A'a, Baban Ummi ne? Lafiya lau. Ya mutan gidan?"

Wanda ya san Malam Ado ya san ba ya gaisuwar tsaye. Ya tambayi Hajara, ya tambayi haƙoran Ummi, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, ya ba ni labarin yadda ruwa ya yi wa masara. Ni kuma ina ta "lafiya lau, Baba", "madalla, Baba", kaina a sunkuye. Abin da ban sani ba shi ne babban yatsana ya danne maɓallin ƙasa. Ashe jarumina ma ya durƙusa a talabijin, ya yi ladab a gaban na Buba, ana ta zuba masa shuri a ka.

Wani ya ce a tsayar. Ilu ya tuna wa jama'a, ta lasifika, wanda ya kawo dokar hana tsayarwa, har da cikakken sunana.

Gidan ya kece da dariya. Malam Ado ya ɗaga kai ya dubi talabijin, ya ce, "Wannan bawan Allah da ake ta shuri ba ya ramawa, na waye?"

Hannuwa suka nuno ni ta ko'ina.

"Subhanallahi. To ka rama mana, Baban Ummi."

Haka zagayen farko ya suɓuce mini. Na ce a raina ai da saura, zagaye na biyu zan gyara komai. Sai dai soket ɗin caji yana ƙarƙashin talabijin ne, kuma nan aka shimfiɗa wa dattijo tabarma don girmamawa. Ya zauna ya miƙe ƙafa, yana fuskantata. In na kalli allo, na kalli idon surukina ke nan. Haka na buga zagayen da zai kai ni Kaduna a tsugune, ina kallon siminti, ina danna maɓallai da ka, ina gane inda aka kwana daga ihun mutane. Sau ɗaya na saci kallo, muka yi ido huɗu, ya gyaɗa mini kai alamar ƙarfafa gwiwa. Ban sake ba.

Ban ga faɗuwata ba, jin ta na yi. Aka ɗaga Buba sama, 'yan uwansa na kaɗa sanduna, aka zagaya da shi har bakin kasuwa. Kunya ta rufe ni kamar in nutse, amma da na ga Buba a kafaɗun mutane yana tambaya ko a Kaduna ma maɓallin nan ɗaya ne, ni ma dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Na yi masa murna da gaske, na kuma ara masa kayan da aka goge.

Bayan kwana biyu ɗan acaɓa ya sauke mana buhun masara daga Kusasu, da saƙo ga Hajara. Wai Baba ya ce mijinta yaro ne mai tarbiyya, ya gani da idonsa, sai dai ta riƙa cika masa kwano, don ko mutumin cikin talabijin bai iya karewa ba.

Darasin da na koya bai da yawa. Ladabi abu ne mai kyau, ba zan daina ba. Amma a satin nan na saya wa Baba ɗan sola na cajin waya, na kai masa har gida, na durƙusa na roƙe shi kada ya ƙara wahalar da kansa zuwa gari.