Yadda Ake Sassaƙa Jirgin Ruwa a Garin da Babu Kogi

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari za ka mallaki jirgin ruwa naka na kanka, mai tsawon kamu ɗaya, ko da kuwa ruwan da ya fi girma a garinku shi ne tafkin da shanu ke sha. Ni dai ban taɓa ganin teku ba, ban kuma taɓa riƙe gizago ba. Amma wata huɗu cur na yi a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gidan Malam Barau a Zakka, ina kallonsa yana wannan aiki, ina ba shi shawara kyauta. Saboda haka duk ƙasar Safana babu wanda ya kama ƙafata a harkar. Gyara zama.

Mataki na 1: Samu dalili, sannan ka ɓoye shi

Magidanci mai furfura ba ya tashi haka siddan ya hau sassaƙa abin wasa. Za a ce ritaya ce ta taɓa masa kai. Malam Barau shekara talatin da biyar ya yi a sashen noma na ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya tambaye shi cewa yake yi, "Hannu nake motsawa kada ya sandare." Kai ma haka za ka riƙa cewa.

Ainihin dalilin kuwa yana cikin gida. Mahaifiyarsa, Hajiya Zainabu, tana 'yar shekara tara ta bi iyayenta aikin hajji ta ƙasa, suka tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa. Su uku suka tafi, su biyu suka dawo, domin uwarta a can ta rasu. Ba hoto, ba kabarin da za a ziyarta, sai labarin jirgin nan da ta shekara saba'in da wani abu tana bayarwa. To, bana kafin ruwan farko likitan ido a Katsina ya gaya wa Barau cewa ciwon idonta ba na aiki ba ne, ɗan ganin da ya rage mata da wuya ya kai girbin gero. Barau ya ɗaukar wa kansa alkawari sai ta ga jirgi da idonta kafin nan.

Mu 'yan majalisa ba mu san da wannan ba sai daga baya. Kai na gaya maka tun yanzu don ka san irin lokacin da muka zauna muna ɓata wa mutum.

Mataki na 2: Fito da aikinka ƙofar gida

Kada ka kuskura ka yi aiki a ɗaki. Aikin ɗaki yana saurin ƙarewa, kuma babu wanda zai gaya maka inda ka yi kuskure.

Shimfiɗa tabarma a inuwa, ka ajiye zarto da guduma da gwangwanin ƙusoshi. Kafin hantsi masana sun cika wurin. Barau ya samu manya guda uku: Ɗanjummai masassaƙin turmi, da Yero wanda ke biyowa da shanunsa ta nan kullum daga ruga, sai kuma ni. Kowa ya iso sai an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da shuka da dabbobi da ƙafar da ke ciwo tun bara. Ba a amsa gaisuwar dattijo da zarto a hannu, saboda haka za ka ajiye shi kamar sau goma sha biyu kafin azahar.

Ga wata hikima da na gano da kaina: gwargwadon nisan mutum da ruwa, gwargwadon ƙarfin muryarsa a kan maganar jirgi.

Mataki na 3: Zaɓi itacen da ya fi kowanne tauri

Barau yana da hotunan jirage a wayarsa, da bayanan wasu mutanen ƙasashen waje masu wannan sha'awa, waɗanda suka ce a nemi katako marar nauyi. Ɗanjummai ya karɓi wayar, ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙa masa abarsa.

"Waɗanga mutane mi suka sani game da itace? Ƙirya za ka sa, Malam. Turmin da na yi wa kakar matarka da ita har yau ana daka a ciki. Jikan jikanka sai ya gaji wanga jirgi."

Daji yanzu ba a shigarsa don neman itace sai da dogon tunani, don haka Ɗanjummai ya kawo wani gungumen ƙirya da ya shekara shida a bayan rumbunsa. Sati shida Barau ya yi yana fama da shi. Gizago biyu suka dakushe, tafin hannunsa ya yi kanta, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Mu kuma muna daga inuwa muna yi masa sannu, wanda shi ma aiki ne.

Mataki na 4: Karɓi kowace shawara, ban da guda ɗaya

Ni na kawo shawarar rufin kwano, tunda damina ce. An yanka gwangwanin madara aka yi. Wani mai wucewa ya ce a gina rumbu a tsakiya saboda guzuri, aka gina. Kwana uku muka yi muna gardamar inda za a sa wurin alwala, har wasu biyu suka daina gaisawa.

Sai Yero, wanda ba ya yawan magana, ya jingina da sandarsa ya ce, "Malam Barau, ina turken awaki?"

"Wane irin awaki kuma, Yero?"

"Mutane ɗari nawa, kwana da kwanaki bisa ruwa, ba bisashe? Mi za su yanka? Mi za a tatsa ma yara? Ni ban taɓa jin an yi doguwar tafiya ba dabba ba."

Majalisa ta tuntsire da dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara. Barau ya nuna masa hotuna goma, babu ko jelar akuya. Yero bai yi musu ba. Bayan kwana biyu sai ga shi da 'yan awaki uku da ya fiƙe da wuƙarsa a wurin kiwo, kowace ba ta fi babban yatsa ba, har da ɗan turkensu. Barau ya yi godiya don kara, ya jefa su cikin gwangwanin ƙusoshi.

Ka lura da kyau. A kowace majalisa akwai mutum ɗaya da aka ware don a yi wa shawararsa dariya, in ba haka ba zaman ba ya daɗi.

Mataki na 5: Kada ka tambayi wanda ya taɓa ganin jirgi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Duk Zakka mutum ɗaya ce ta taɓa taka jirgin ruwa, kuma tana zaune taku ashirin daga tabarmarmu. Barau bai tambaye ta ba don yana so ya ba ta mamaki. Mu kuwa, wallahi, ko a ranmu bai zo ba. Maganar katako da ƙusa ce, ina ruwan tsohuwa?

Wata safiya ya shiga gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum.

"Barau, mi kuke ƙwanƙwasa a waje haka?"

"Turmi ne, Inna."

"Turmi wata biyu? Allah Ya sa ba na dakan duwatsu ba ne."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki butarta, hannun ya wuce ta gefe, ya dawo, ya sake wucewa. Barau ya tura mata butar a hankali yadda ba za ta gane ba. Ya fito ya ɗauki gizago. Ya tarar mun buɗe sabuwar gardama a kan launin fenti.

Mataki na 6: Gwada shi a gaban jama'a

Wannan shawarata ce, kuma ina alfahari da ita har zuwa wani lokaci. Na ce jirgin da ba a gwada ba ai akushi ne mai rufi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka ɗunguma zuwa tafki, rabin gari na biye da mu. Barau ya naɗe ƙafar wando, ya yi bisimilla, ya ɗora jirgin a kan ruwa, ya sake shi.

Ko juyi ɗaya bai yi ba. Ya nutse tsulum, da rufin kwanonsa da rumbunsa da wurin alwala. Kumfa uku suka taso, shi ke nan. Wata saniya da ke shan ruwa a gefe ta ɗago kai ta dube mu, ta ci gaba da abin da ya kawo ta.

Ɗanjummai ya gyara murya ya ce, "To, amma dai kun ga bai tsage ba."

Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Yero ne ya shiga ruwa ya lalubo shi da ƙafa. Da ya fito da shi yana zubar da laka, sai muka ga Barau zaune a bakin tafki, ya zuba wa gonar da ke tsallake ido. Gero ya riga ya fitar da kai. Nan ya gaya mana komai, da maganar likita, da buta, da jirgin Bahar Maliya.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wata uku na mutum muka cinye da surutu, kuma ba irin watannin da ake maido wa mai su ba ne.

Mataki na 7: Sake sabo, a rufe baki

Washegari da sassafe Ɗanjummai ya iso ɗauke da tsohon ƙyauren ɗakinsa na rimi, marar nauyi kamar kara. Bai ce komai a kan jikan jika ba. Shi ya fafe ciki, Barau ya yi bene da ƙananan tagogi, Yero ya murza igiyoyi da gashin jelar saniya. An yanko bututun hayaƙi daga tsohon famfon keke. An rage gaisuwa ta koma "sannunku" kawai, abin da ba a taɓa yi ba a gindin bedin nan.

Ni aka ba ni gwangwanin fenti na riƙe, aka roƙe ni don Allah kada in ce komai. Kwana goma sha tara aka gama.

Mataki na 8: Kai wa mai shi

Ranar an fara yankan gero. Barau ya ɗauki jirgin da hannu biyu ya shiga, mu uku muka toge a zaure. Sai muka ji muryar Hajiya: "Ku shigo mana. Ni da ba ganinku nake ba, kunyar mi za ku ji?"

A nan muka gane mun makara. Idanunta a buɗe suke, amma sun tsaya a kan katanga, can gefe da inda ɗanta ya durƙusa. Barau ya ɗora mata jirgin a cinya.

Ta shafa gefensa tun daga baki har ƙarshe. Ta taɓa tagogin ɗaya bayan ɗaya. Da yatsunta suka kai kan bututun sai ta tsaya.

"Barau. Wanga ba turmi ba ne."

"A'a, Inna."

"Jirgi ne." Ta yi 'yar dariya. "Bututun ya yi gajere. Namu in na ɗaga kai sai ɗankwalina ya faɗi."

Sannan hannunta ya gangara baya, inda aka bar fili fetal an shafe shi da fenti. Ta lalluba nan, ta lalluba can, fuskarta ta canza.

"To, ina awakin?"

Babu wanda ya dubi Yero, don babu mai ƙarfin halin. Barau ya tashi da gudu kamar ba mai shekara sittin ba, muka ji ƙusoshi sun watse a ƙofar gida, ya dawo ya zuba mata su a tafin hannu. Ta shafa ƙahonninsu, ta jera su a bayan jirgin ita da kanta, ta tsayar da turken a tsakiya. Sai ta ɗora yatsa ɗaya a gefensu.

"Nan aka ba talakawa, kusa da dabbobi. Nan muka zauna. Na yi ta amai, ba abin da ke zama cikina, sai Innata ta roƙi mai awakin ya bari ta tatso mani. Ta juya ni na ba ruwa baya don kada in gan shi, ta kama yi mani kitso." Ta danna yatsan a wurin. "Shi ne na ƙarshe da ta yi mani."

Ba ta ɗauke yatsan ba. Barau ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a gemunsa, mu kuma muka sulale ɗaya bayan ɗaya. A zaure Yero ya ɗauki sandarsa ya ce shanunsa na jiransa.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Kantar hannu, dakushewar gizago, ɓacewar ƙyauren ɗaki, dariyar jama'a a bakin tafki, ko kuka a gaban abokai, duk tsakaninka da majalisarku ne. Wanda ya tsallake mataki na biyar ya shiga gida ya tambayi tsohuwarsa tun ranar farko, ya saɓa wa tsarina, kuma ba zan hana shi ba.

Masu tambaya ko jirgi na biyu yana tsayawa a kan ruwa, su daina tare ni a hanya. Ban sani ba. Yana kan gadon Hajiya kusa da matashinta, awaki uku na ɗaure a baya, kuma ta ce duk wanda ya kai shi tafki ba ta yafe ba.