Ranar da Shanun Buba Suka Halarci Sa Ranar Jikata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka zo sa ranar auren jikata Ummi ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwarmu a Batsari sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta. Don haka gara ku ji daga bakina, saboda wanda ake bayarwa a teburin mai shayi gishirinsa ya yi yawa. (Ban hau bishiya ba. Duk wanda ya ce muku na hau bishiya, ku tambaye shi da wace gwiwar.)

Ni dai karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma kada ku raina ni. Na yi aikin masinja a sashen noma na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kuma babu fayil ɗin taki ko na iri da bai bi ta hammatata ba. A ganina ilimi in ya daɗe a hammatar mutum, dole wani abu ya ratsa ya shiga jiki. Shi ya sa da zuwa gonarmu ta nesa ya zama sai da addu'a saboda halin rashin tsaro da ake ciki, gwiwoyi kuma suka fara gardama, sai na yanke shawarar yin lambu na zamani a kangon bayan gidana: tumatir, tattasai, albasa, har da latas don baƙi.

Tunda ku ne, bari in faɗi gaskiyar girman kangon. In akuya ta kwanta a tsakiyarsa ta yi miƙa, to sai ta nemi afuwar danga. A jikin dangar kuma akwai layin zogalen Hajiya, matata, wanda take ji da shi fiye da yadda take ji da ni. Da shi take kwaɗo, da shi take miya, da shi take yi wa maƙwabta alheri. Ranar da na fara sara ta leƙo ta ce, "Malam, ka yi zamaninka duk yadda ka so, amma ganye ɗaya na zogalen nan ya faɗi, ni da kai ne."

Ƙasar wurin ja ce mai tauri, ragowar tsohon gini. Na san maganinta, na sha ji ana faɗa a ofis ina tsaye bakin ƙofa: a haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ɗan zuba buntun shinkafa don ta saki jiki. Yashi na samu a rafi, buntu na roƙa a injin casa. Taki ne ya zame mini aiki.

Na je shagon takin zamani na tambayi buhu, da mai shagon ya faɗi kuɗin sai na yi masa addu'ar Allah ya kawo kasuwa, na fito da baya-baya. Na je wurin masu kiwon kaji, na tarar kashin kaji ma yanzu a buhu ake ɗinke shi kamar sukari. Jujin bayan masallaci da muka taso muna toshe hanci in za mu wuce, ashe har ya yi mai shi. Sai na dawo gida na tsaya ina kallon turken awakin Hajiya da idon sha'awa.

"Kada ma ka fara," in ji ta. "Takin na ƙanena ne na Safana. Shi ke kawo musu harawa, shi zai kwashe."

"Hajiya, awakin nan a gidana suke kwana."

"Kai ma a gidan kake kwana, me ka taɓa ba su?"

Na juya na tafi, don babban mutum ba ya jayayya a gaban awaki.

Ranar kasuwa na shiga kara, wurin da ake cinikin dabbobi, ina zagayawa kamar mai neman rago, alhali ƙasa nake kallo. Nan na ci karo da Buba, abokina Bafulatani tun muna samari. Mahaifinsa ne ke kawo shanu su kwana a gonar mahaifina bayan an yi girbi. Haka ake yi tun da can: shanu su ci karan da ya rage, su bar wa gona taki, mai gona ya ba makiyayi damin hatsi, kowa ya tashi da riba. Ina ganinsa dabara ta faɗo mini. Ga taki yana tafiya da ƙafafunsa, ni ina ta wahalar neman na buhu!

Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da shanu da gajiya, na ce, "Buba, in an gama kawar da amfani, ka kawo mini dabbobinka su kwana a lambuna."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kaɗo, kai da lambu? Yaushe ka bar ɗaukar takarda?"

Dillalan da ke zaune suka kwashe da dariya. To a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Da mu biyu ne, da na ce masa ɗan wuri ne, maraƙi biyu sun isa. Amma ga mutane suna dariya, ga ni tsohon ma'aikacin sashen noma. Na gyara hula na ce, "Lambu kai! In ka tsaya a wannan gefen, sai ka ɗaga murya kafin na wancan gefen ya ji ka."

"Zai ɗauke su duka?"

"Ka kawo har na maƙwabta."

Buba ya ce, "To shi ke nan, in Allah ya yarda." Ba mu sa rana ba. Ba a sa wa makiyayi rana, in ya tashi zuwa sai dai ka gan shi. Ni kuwa kafin in iso gida na manta da maganar, don irin wannan cika bakin a kasuwa ake yin sa, a kasuwa ake barin sa.

Ana nan aka yi girbi. Ummi, wadda ta gama karatun aikin jinya, ta kawo wanda take so, wani malamin makaranta ɗan garin Zakka. Iyayensa suka aiko za su zo sa rana, kuma ni ne babba a gidan, ni zan karɓe su. Tun da safe yarinyar nan take bina. "Kaka, don Allah yau ɗaya dai, kada ka yi musu lacca. Mutanen nan masu kamun kai ne, baffansa ko dariya ba ya yi. In suka raina gidanmu na shiga uku."

"Amaryata," na ce, "kin yashe ni kin koma wa yaro, kuma ki hana ni magana? Kwantar da hankalinki. Yau za ki ga dattako."

Bayan la'asar suka iso, mota guda da babura. Zaurena ƙarami ne, sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, daidai bakin ɗan lungun da ke shiga lambu. Na fito cikin farar shaddata da ta sha sitaci har tana ƙara in na motsa. Baffan yaron, Alhaji Mamman, dogo ne mai farin gemu, fuskarsa kamar ta alƙali ranar yanke hukunci. Muka gaisa, muka sake gaisawa, aka ajiye goro da alawa da dabino a faranti.

Na yi niyyar cika wa Ummi alkawari, Allah shaida. Amma sai wani daga cikinsu ya ce taki ya yi tsada bana. To ku gaya mini, likita zai ji ana tari ya yi shiru? Na buɗe baki. Na yi musu bayanin yashi da buntu, na yi na ruɓaɓɓen taki, na ce in Allah ya kai mu biki duk miyar da za a ci daga lambuna za ta fito.

Alhaji Mamman ya ce, "Masha Allah. Ina lambun yake, Malam?"

"Nan baya ne, Alhaji. Da na zagaya da ku, sai dai magariba za ta riske mu ba mu gama ba."

Ban rufe baki ba na ji ƙasa tana ɗan motsi. Sai kuka, irin na saniya mai neman ɗanta. Na ɗaga kai, na ga ƙahonni sun cika layinmu daga bango zuwa bango, farare, dogaye, suna tahowa cikin natsuwa kamar su ma an gayyace su. A gabansu ga Buba, sanda a kafaɗa, yana murmushi har kunne.

"Salamu alaikum! Kaɗo, na cika alkawari. Har da na maƙwabtan, kamar yadda ka ce. Ina hanya?"

Jama'a, a nan ne mai hankali zai tashi ya ja abokinsa gefe ya faɗa masa gaskiya. Ni kuwa na dubi Alhaji Mamman, na dubi Buba, sai na ga hannuna ya ɗaga da kansa yana nuna lungu. (Har yau ina tambayar hannun nan abin da ya yi tsammani. Ko ya ɗauka kangon zai yi kumburi don kunya?)

Baƙi suka tashi ana janye tabarmi, kowa na neman takalminsa. Shanun farko suka shige, lambu ya cika nan take. Na bayansu ba su samu labari ba, suka ci gaba da turawa. Na ji danga ta yi ƙara ta kwanta. Sai na ji wani sauti mai taushi, ƙus, ƙus, ƙus, wanda ko a mafarki na san shi: zogale ne ake ci. Daga cikin gida salatin Hajiya ya tashi, tun daga farkonsa har ƙarshe, da sunana a tsakiya.

Sauran garken da bai samu shiga ba ya tsaya a inda muka tashi. Wata saniya ta sa baki a farantin dabino. Buba ya kutsa ya leƙa ta kan bayan shanunsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo. Wallahi ba da mugunta ya yi ba, da gaske yake tambaya, kuma da muryar da ya saba kiran shanu a daji:

"Kaɗo, na ga ƙofar lambun. To ina lambun?"

Na ce a raina dole in nuna ni ne mai gidan. Na fizgi sandar Buba, na tattare hannun riga, na nufi wani bijimi ina cewa "Kai! Koma!" Bijimin ko kallona bai yi ba. Na ƙara taku ɗaya, ƙafata ta sauka a kan abin nan da na yi wata da watanni ina nema, sabo, da ɗuminsa. Ƙafa ta tafi gabas, sanda ta tafi yamma, ni kuma na zauna daɓas a tsakiyarsa, cikin farar shadda, a gaban surukai. Hulata ta gangara ta tsaya a ƙafar Alhaji Mamman. Wata karsana ta matso ta fara lasar sitacin kafaɗata, a hankali, kamar mai ba ni haƙuri.

Ba zafin faɗuwar na ji ba. Ta ƙofar zaure na hango Ummi ta leƙo, ta rufe baki da mayafi, idonta ya cika da hawaye. Na ce shi ke nan, na kashe wa yarinya aure saboda kashin shanu.

Alhaji Mamman ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta. Ya taka a hankali, yana zaɓen wurin sa ƙafa, ya leƙa lungun, ya dawo. Gemunsa na rawa.

"Malam," ya ce, "alhamdu lillahi. Mun zagaye lambun, kuma ga rana ba ta faɗi ba."

Sai ya fashe. Mutumin da aka ce ba ya dariya, sai da ya dafa bedi. Mutanensa suka bi, maƙwabta suka bi, Buba ma da bai gama gane abin da ya faru ba ya bi. Da Alhaji Mamman ya samu numfashi ya miƙo hannu ya ɗaga ni, ya ce, "A wannan zamanin, mutumin da makiyayi zai koro masa garke guda har ƙofar gida a kan maganar baki kawai, gidansa gidan amana ne. A nan muke son ɗaukar 'ya. Sai dai miyar biki, ka bar mana mu zo da tumatir ɗinmu."

A zauren maƙwabcina aka sa ranar, ina sanye da rigarsa ta aro wadda ta tsaya mini a gwiwa. Shanun kuwa Alhaji ya roƙi Buba ya wuce da su gonarsa ta Zakka, suka yi masa kwanaki, bana dawarsa har ana zuwa kallo. Abin da suka bari a lungu da ƙofar gida, Hajiya ta sa aka kwashe tas ta tara a gindin guntayen zogalenta, ta ce diyya ce. Na nemi ko kwano ɗaya, ta ce in je in kankare na jikin shaddata, shi ne rabona. Da Ummi ta zo yi mini ban kwana ranar kai ta, ta durƙusa ta ce, "Kaka, na ga dattakon. Allah ya sa kada in sake gani."

Darasin da na ɗauka, ga shi kyauta ga masu sha'awar lambu: taki na gargajiya yana da arha, in ka san girman wurinka kuma ka faɗe shi yadda yake. In kuwa cika bakin ya zama dole, to ka yi shi a gaban waɗanda suka san halinka, su yi dariya a tashi. Wanda ya ƙaryata ka bai cuce ka ba. Ka ji tsoron abokin kirki da zai yarda da kai, ya kuma zo da shanu.