Ranar da Na Cika a Sujada

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata La'asar a zauren gidana ba, nan bayan hasumiyar Gobarau, a shekarun farko bayan soja sun koma bariki farar hula sun karɓi mulki. Har yau in na tuna sai kunya ta lulluɓe ni, in kunyar ta lafa kuma sai tsoro ya biyo baya.

Ni malamin makaranta ne tun asali, kuma zamanin soja a rame na yi shi kamar kowa. Da siyasa ta dawo, wani abokin karatuna ya samu muƙami, ya tuna da ni, aka saka ni a wani kwamiti mai ofis a GRA. Aikin kwamitin nan (Allah Ya yafe mana) bai wuce zama da ci ba. Kowane taro da kajinsa, da farfesunsa, da lemo mai sanyi. Ga shi ƙiba gadonmu ce, yunwa ce kawai ta daɗe tana danne ta. Kafin ka ce kwabo wuyana ya ɓace, tumbi ya riga ni shiga ɗaki. Telana na Babbar Kasuwa ya daina auna ni, sai dai ya dube ni ya ƙara yadi. Duk inda na gitta sai ka ji, “Malam, lallai dimokuraɗiyya ta karɓe ka!” Ni kuwa in shafa ciki in ce alhamdu lillahi. Wallahi daɗi nake ji, don a garinmu wanda ya yi jiki shi ne ya huta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, kullum da ciwon kai nake tashi da safe, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Gyangyaɗi kuwa ba a magana: a taro, a mota, har a tsakiyar gaisuwa, mutum yana tambayata iyali ni kuwa na tafi. Daga ƙofar gida zuwa masallaci sai na tsaya na yi kamar ina gyara hula, alhali numfashi nake nema. Na sa wa abin suna gajiyar aiki (aikin da na gaya muku yadda yake).

Maiɗakina, Hajiya Rabi, ita kaɗai ba ta taɓa yaba wannan ƙiba ba. Tana da dalili. Shekara ɗaya kafin nan wana, Yaya Sada, wanda ya fi ni jiki, ya kwanta ƙailula bayan Azahar bai tashi ba. A zaman makoki kowa cewa yake, “Mutuwa mai sauƙi, ba jinya ba wahala.” Ni ma haka na riƙa faɗa. Rabi ce ta tare ni wata rana ina neman takalmin da zai shiga ƙafata, ta ce, “Malam, kana barci sai in ji numhwashinka ya tcaya, in yi ta jira, sannan ka ja shi da ƙarhi. Haka matar Yaya ta ce shi ma yana yi. Ka tahi asibiti. Ummi ta rasa baffa, kada ta rasa uba.”

Ummi ’yata ce ta fari, sunan mahaifiyata gare ta. Na ji maganar har cikin raina, amma sai na murtuke na ce minshari ba ciwo ba ne, kuma rai a hannun Allah yake. Ta ce, “Ƙwarai kuwa. Likitan ma a hannunsa yake.” Na fice abina.

To, ana nan sai iyayen wani yaro suka aiko za su zo gaisuwar neman auren Ummi. A al'ada ba uba ake zuwa wa ba, baffa ake zuwa wa. Da Yaya Sada yana raye zaurensa za su, ni ko leƙawa ba zan yi ba. Tunda ba shi, kuma ba ni da wani ɗan'uwa namiji, dole na zauna da kaina, na kira maƙwabcina Alhaji Mani ya taya ni. Na sa sabuwar babbar riga mai sitati, na sa aka yi girki na kece raini: funkaso, sinasir, miyar taushe da ta ji nama, ga fura an dama da nono. Baƙi suka zo bayan Azahar, babbansu kawun yaron, Malam Abu, wani siririn dattijo mai natsuwa wanda in ya ci loma uku sai ya sha ruwa ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa, wai don kada baƙi su ji nauyi, na zage na nuna musu yadda ake yi.

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka gabatar da abin da ya kawo su, muka ce mun ji mun kuma yi farin ciki. Sai La'asar ta yi. Yayyafi ya sauko, aka ce a yi ta nan zaure. Na ce, “Malam Abu, bisimilla.” Ya ce, “Haba, a gidanka? Maigida shi ka limanci.” Na ja, ya ja, Alhaji Mani ya tura ni gaba. Gaskiya ban so ƙi ba. Na ce a raina, bari surukai su ga irin gidan da suka zo neman iri.

Raka'a ta farko na ji kaina yana yi mini nauyi. A ruku'u tumbi ya tokare mini ƙirji, na ɗago ina ganin taurari. Na daure. A raka'a ta uku na kai goshi ƙasa, cikin nan cike da funkaso ya danno sama, numfashina ya zama ɗan ƙarami, sai ka ce ta cikin tsinke nake jan sa. Na tuna na ce subhana rabbiyal a'ala sau ɗaya. Na tuna wani irin daɗi, wani sanyi, kamar an lulluɓa mini bargo. Daga nan ban san komai ba.

Sauran labarin Alhaji Mani ne ya ba ni (kuma ya ba duk unguwa, da wasu unguwannin). Ya ce da farko sun ɗauka addu'a nake yi wa auren, har wani cikin baƙin ya ji na burge shi. Suka jira. Gwiwoyi suka fara zogi. Malam Abu ya ce, “Subhanallah,” a hankali. Shiru. Ya sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Alhaji Mani ya saci ɗaga kai, ya ga ko motsi ba na yi. Ya yanke salla ya taɓa ni, ya girgiza ni. Ga riga mai sitati ta yi tsaye, ba a ganin ƙirji na hawa ko sauka. Da suka leƙa fuskata, leɓɓana sun yi baƙi ƙirin. Nan ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Haka wansa ya tahi.”

Sai suka yi mini abin da ake yi wa mamaci. Suka taru (sai da duk suka sa hannu) suka mirgina ni a gefen dama, suka fuskantar da ni alƙibla, suka kwance mini wuyan riga, suka cire hula.

A nan ne na fara jin muryoyi can nesa, kamar ina ƙarƙashin ruwa. Na ji salatin Rabi daga cikin gida, na ji kukan Ummi, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba tun tana goye. Na ji Malam Abu yana cewa, “Ku yi haƙuri, bayin Allah. A sujada ya cika. Wa ke samun wagga sa'a?” Na ji Alhaji Mani yana cewa, “Mutumin kirki ne. Ba shi da rowar abinci.” Ya nemi abin ƙarawa, bai samu ba. Ban gane ni ake nufi ba. Abin da kawai ke raina shi ne na bar mutane a sujada.

Sai na ja wani minshari, wanda aka ce an ji shi har bakin titi, kamar an tayar da injin niƙa. Na buɗe ido, ina kwance a gefe, ba hula, miyau na zuba, na ɗaga murya irin ta liman na ce, “Allahu Akbar!”

Jama'a, ban taɓa ganin dattawa sun yi tsalle haka ba. Ɗaya ya fita waje cikin yayyafi ba takalmi. Alhaji Mani ya manne da bango riƙe da ƙyallen da ya ciro zai ɗaure mini haɓa. Malam Abu ne kaɗai bai motsa ba. Ya dube ni ya ce, “Sannu, Malam. Sai ka sake alwala.” Rabi kuwa ta manta da baƙi, ta manta da mayafi, ta faɗo zaure ta durƙusa a kaina tana kuka tana cewa, “Ban hwaɗa maka ba? Ban hwaɗa maka ba?” Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige, in dai ramin zai ɗauke ni. Aka sake salla, Malam Abu ya ja, ni ina zaune a baya jingine da bango.

Ranar ba a nemi shawarata ba, a motar surukai aka kai ni asibiti. Likitan ya saurari labarin, ya yi ƙoƙari ƙwarai bai yi dariya ba. Bayan gwaje-gwaje ya ce abin da ke damuna ƙarancin numfashi ne. Ina numfashi, amma sama-sama, domin ƙiba ta danne ƙirji. Gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita ba ta fita duka, sai ta taru a jini, ita ke kawo ciwon kai da gyangyaɗin nan, tana kuma wahalar da zuciya. Ya ce, “Ba barcin daɗi ka yi ba, Malam. Juya ka da sunka yi a gefe shi ya sauke ma ƙirjinka nauyi, iska ta samu hanya. Da kai kaɗai ne a ɗaki, ban san mi za mu ce ba.” Na tambaye shi ko wannan ne ya ɗauki Yaya Sada. Ya ce bai gan shi ba, ba zai yanke ba, amma bai girgiza kai ba. A nan dariyar da nake yi wa kaina ta tsaya, na yi kuka a gaban likitan, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba.

Na yi kwanaki a kwance. Da na fito, Rabi ta karɓi mulkin tukunya, mulkin da ya fi na soja tsanani. Na koma kwana a gefe da matasai masu tudu, na koma taka ƙasa da safe, na bar kajin kwamiti ga masu sauran wuya. Na yi zaton surukai sun gudu, sai ga Malam Abu ya zo dubiya, ya ce magana tana nan. Ranar ɗaurin auren Ummi ina zaune da raina, cikin rigar nan da tela ya rage, ana fatiha ina share hawaye. Masu cewa dimokuraɗiyya ta karɓe ni suka koma tambaya a asirce ko an cire ni daga kwamiti ne.

Har gobe a unguwa Liman Mai Doguwar Sujada ake ce mini, kuma ba wanda ya sake tura ni gaba. Ba na fushi. Na koyi cewa in an ce maka ka yi jiki, ka tambayi wadda ke kwana kusa da kai kafin ka ce alhamdu lillahi. Na kuma koyi cewa in mutum ya ji ta'aziyyarsa da kunnensa bai samu komai ciki ba sai rashin rowar abinci, to akwai sauran aiki a gabansa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai Yaya Sada ne. Shi ya yi nasa a ɗaki, cikin sutura, ba wanda ya yi masa dariya. Ni na yi nawa a gaban surukai, gari ya ɗauka. Da ma shi ma an yi masa dariyar tare da ni, da wataƙila yana raye.